Yadda za a koyar da karatu da lissafi a aji ɗaya zuwa uku ta hanyar bin lokutan shekara

A yawancin jihohin arewacin Najeriya shekarar karatu tana farawa ne a watan Satumba, lokacin da gero ya nuna ana haramar girbi, tana kuma ƙarewa a watan Yuli, bayan damina ta zauna. Tsakanin waɗannan watanni yaro yana ratsa kaka da hunturu da bazara da farkon damina, kuma kowannensu yana zuwa da abin da za a ƙirga, a auna, a rubuta sunansa a allo, ba tare da an kashe ko sisi ba. An rubuta wannan jagora ne domin malamin aji ɗaya zuwa uku na firamare, musamman wanda yara suka yi masa yawa, littattafai kuma suka yi masa kaɗan.

Akwai ƙa'ida guda da ya kamata malami ya riƙe tun farko. Lokacin shekara yana canza kayan aiki da labarin da za a gina darasi a kansa, amma ba ya canza jerin matakan koyo. Yaro zai bi ta sauti zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma, daga kalma zuwa jimla, ko ana ruwa ko ana ƙura. Haka nan a lissafi zai fara da abin da yake riƙewa a hannu, sannan zane, sannan lamba. Malamin da ya bar waɗannan matakai ya shagala da zanen zangarniya da waƙar damina kawai, zai faranta wa yara rai, amma za su kai aji huɗu ba su iya karanta sunansu ba.

A fara da sanin inda kowane yaro yake

Kafin a buɗe manhaja, a ware makon farko domin gwada yara ɗaya bayan ɗaya. A yanki kwali a rubuta haruffa biyar a sama, gaɓoɓi biyar a ƙarƙashinsu, kalmomi biyar, sai gajeren labari mai jimla uku ko huɗu. A bayan kwalin a rubuta lambobi daga 1 zuwa 9 a hargitse, da wasu lambobi masu gida biyu kamar 14 da 41 da 70, da tarawa guda da ɗebewa guda. A kira yaro gefe, a tambaye shi cikin sakin fuska, a rubuta matakin da ya tsaya a gaban sunansa. Minti biyu sun ishi kowane yaro. Daga nan a kasa ajin rukuni uku bisa abin da yara suka iya, ba bisa shekaru ko tsayi ba. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yi fice da wannan salo na koyar da yaro daga matakin da yake, kuma an ɗauke shi a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya. Kada a sa wa rukunan suna mai nuna gwani da daƙiƙi. A kira su da sunayen itatuwa, kamar Kuka da Tsamiya da Gawo, a kuma riƙa matsar da yaro gaba da zarar ya ƙware.

Karatu

Yaro yana koyon karatu sau ɗaya ne a rayuwarsa, kuma ya fi saurin koyonsa a harshen da yake ji. A shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ya fi yawa a yankin, kuma kafin nan, a 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare. An sha yi wa manufar gyara, har yanzu kuma ana muhawara a kanta. Duk da haka, a ganina, malamin da yaran ajinsa Hausa suke ji ba shi da hanyar da ta fi ya sa su fara haɗa baƙi da wasali da Hausa, domin rubutun boko na Hausa yana tafiya kusan daidai da furuci, abin da rubutun Turanci bai yi ba.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne fara karatun Hausa da sunayen haruffan Turanci. A Turanci harafin a ana kiransa "e", harafin e ana kiransa "i", harafin i kuma ana kiransa "ai". Yaron da aka cusa wa waɗannan sunaye, in ya ga kalmar "nama" sai ya rasa yadda zai haɗa ta. Haka harafin c, wanda a Hausa sautinsa shi ne na farkon "cokali" da "ciki". Saboda haka a koyar da sautin harafi, a bar sunansa na Turanci sai darasin Turanci.

Ba dole ba ne a bi jerin abacada daga farko zuwa ƙarshe. Ya fi amfani a fara da haruffan da suka fi yawan fitowa, waɗanda za su ba da kalmomi nan da nan. Da a, n, k, m kaɗai yaro zai karanta mama, kaka, nama, kama, Nana, har ma da jimla kamar "Kaka na nan." Ranar da yaro ɗan shekara shida ya karanta jimla da kansa, ba maimaitawa ya yi ba, ita ce ranar da yake fara yarda cewa karatu abu ne mai yiwuwa, don haka a gaggauta kai shi wurin. Bayan waɗannan a ƙara i, s, t, r, d, u, a riƙa shigar da harafi biyu a mako, ana kuma bitar na baya kullum.

Darasin minti talatin ko talatin da biyar zai iya tafiya kamar haka. Malami ya faɗi kalmomi uku masu farawa da sautin ranar, yara su saurara su gano sautin, ba tare da an rubuta komai ba tukuna. Sai ya rubuta harafin, babba da ƙarami, yana faɗin inda hannu ke farawa da inda yake tsayawa, yara su zana shi a iska, su zana a ƙasa ko a allon hannu. Daga nan a haɗa shi da wasulan da aka riga aka koya, a sami ka, ki, ku, a tafa hannu ga kowace gaɓa, a haɗa gaɓoɓi su zama kalma. A ƙarshe malami ya karanta musu gajeren labari ko ya yi musu tatsuniya, ya tsaya a tsakiya ya tambaye su abin da suke zaton Gizo zai yi, domin karatu ba furta haruffa kaɗai ba ne, fahimtar abin da aka karanta ita ce manufa.

A yi hattara da amshi. Aji zai iya ɗaukar murya gaba ɗaya yana "ba, be, bi, bo, bu" har makwabta su yaba, alhali rabin yaran ba sa ma kallon allo. Maganin wannan shi ne malami ya riƙa nuna gaɓoɓi a hargitse, ya yi shiru na ɗan lokaci kafin kowa ya amsa, sannan ya kira layi guda, ko yara biyu, ko yarinyar da ke can ƙurya wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna bukatar kulawa ta musamman, kuma bai kamata a koyar da su a mako ɗaya da takwarorinsu marasa ƙugiya ba. Sai b da d da k sun zauna daram sannan a kawo su, a nuna bambancin da kalmomi bibbiyu: kaya da ƙaya, kara da ƙara, baki da baƙi, gada da gaɗa, bata da ɓata. A sa yaro ya yi jimla da kowacce, domin ya ji da kunnensa cewa ƙugiyar nan tana canza ma'ana. Haruffa masu goyo kamar sh, ts, ky, gw da ƙw su zo daga baya, a kuma koyar da kowannensu a matsayin sauti guda. Rufaffiyar gaɓa, wato mai ƙarewa da baƙi, irin wadda ke cikin "tanda" da "fartanya", ta fi buɗaɗɗiya wahala, don haka a jinkirta ta zuwa zango na biyu. A aji biyu da uku za a ci karo da kalmomin da rubutunsu ɗaya ne amma furucinsu daban, saboda rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, kamar gari na zama da gari na tuwo. A nuna wa yara cewa jimla ce ke warware wannan, su karanta har ƙarshe sannan su yanke hukunci.

Yara da yawa suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya, inda rubutu ke tafiya daga dama zuwa hagu. Idan irin wannan yaro ya fara rubutun boko daga dama, ba rashin basira ba ne, ya ma riga ya san cewa alama a kan allo tana ɗauke da sauti. A yi masa ɗigo a gefen hagu na shafi ya zama wurin farawa, a kuma yi masa bayanin cewa rubutu iri biyu ne, kowanne da hanyarsa.

Lissafi

Yaron da ya iya rera ɗaya zuwa ɗari ba lalle ne ya iya ƙirga ba. A zube masa tsakuwa bakwai a ce ya ƙirga yana taɓa kowacce, sannan a baza su a tambaye shi ko nawa ne yanzu. In ya sake ƙirgawa daga farko ko ya ce sun ƙaru, to yana bukatar ƙarin lokaci da abin taɓawa kafin a kai shi ga lamba. Kowane yaro ya mallaki ƙullin kayan ƙirga nasa: murafun kwalba ashirin, ko ƙwallayen dabino, ko tsinkayen tsintsiya. A guji ƙananan 'ya'yan itace a aji ɗaya, saboda yara kan cusa su a hanci ko kunne.

Abin da ya fi komai muhimmanci a waɗannan shekaru uku shi ne fahimtar goma, wato gidan ɗaiɗai da gidan gomomi. A sa yara su ƙirga tsinke goma su ɗaure da zare ko roba ya zama dami guda. Lamba 23 ta zama dami biyu da tsinke uku, 32 kuma dami uku da tsinke biyu, yaro ya ga bambancin da idonsa. Ƙidayar Hausa tana taimakawa daga 11 zuwa 19, domin "goma sha huɗu" tana faɗin goma kafin huɗu, daidai da yadda ake rubuta 14, sai dai a hana yara gajarta ta zuwa "sha huɗu" a wannan mataki. Amma ashirin da talatin da arba'in, waɗanda aka aro daga Larabci, ba sa nuna wa yaro yawan gomomin da ke cikinsu. Don haka a riƙa haɗa su da bayani, a ce "talatin, goma uku ke nan", ana ɗaga dami uku.

Da waɗannan dammuna ake koyar da ɗebewa mai aro, wadda ita ce ke kayar da yara da yawa a aji biyu. A ɗauki 32 a ɗebe 17. Yaro ya ajiye dami uku da tsinke biyu a gabansa. An ce ya cire tsinke bakwai, ga shi biyu kawai gare shi. A bar shi ya yi tunani, kada a yi saurin gaya masa. Can zai kai hannu ya kwance dami guda, tsinkayensa su zama goma sha biyu, dammuna su koma biyu. Ya cire bakwai saura biyar, ya cire dami guda saura guda, amsa 15. Sai ya yi haka da hannunsa sau da yawa, da lambobi daban-daban, sannan a nuna masa yadda ake soke 3 a rubuta 2 a kan takarda. Yaron da aka fara wa da sokewar yakan haddace ta ya manta, ko ya riƙa ɗebe ƙaramar lamba daga babba a kowane gida ya sami 25.

Akwai lissafin da yara suka riga suka zo da shi daga gida. Yarinyar da ake aika ta sayo magi da barkono ta san canji, yaron da ya ji ana cewa "ashirin ba biyu" ya riga ya san 20 a ɗebe 2. A yanka takardu a rubuta 5, 10, 20, 50 da 100 su zama kuɗin aji, a kafa kasuwa a gaban allo sau ɗaya a mako, wasu su kasa kaya, wasu su saya, kowane ciniki kuma a rubuta shi a allo da lambobi.

Zangon farko: kaka

Wannan zango shi ne mafi arzikin kayan aiki. Kara yana ko'ina, kuma da shi za a yanka sandunan ƙirga, a haɗa siffofi masu kusurwa uku da huɗu, a ƙera haruffa masu miƙaƙƙun layuka. Kwanson gyaɗa galibi ƙwaya biyu ne a cikinsa, don haka ya dace da ƙirga bibbiyu. A kawo mudu da gwangwanin madara da ƙaramar roba ta gero, yara su fara yin hasashen gwangwani nawa zai cika mudun, sannan su auna su gani. A karatu, a lika kalmomin lokacin a bango, kamar gero, dawa, wake, dami, rumbu da lauje, amma a sa yara su karanta waɗanda haruffansu suka riga suka koya kawai, sauran malami ya karanta musu.

A karkara yara sukan yi fashi a wannan zango saboda girbi da roron wake, haka ma ranar kasuwar gari. Kada a shigar da sabon harafi ranar kasuwa, a mai da ita ranar bita. Wanda ya dawo bayan mako guda a zaunar da shi kusa da abokin da zai nuna masa abin da ya wuce.

Zango na biyu: hunturu da bazara

A watan Janairu yara suna isowa da sanyi a jiki, hannuwa sun bushe, riƙe fensir yana yi musu wuya. A fara da motsa jiki mai ƙirga, tsalle goma, tafi goma, sannan a fita hantsi a yi rubutu a ƙasa da tsinke. Wannan ne lokacin awo da gaɓoɓin jiki: a auna benci da taƙi, a auna allo da kamu, a auna tsawon aji da taki. Idan awon malami da na yaro suka saɓa, a tambayi ajin dalili, daga nan ne za su gane amfanin rula da santimita.

Daga Maris zuwa Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. A mayar da karatu da lissafi darussan farko na safe, a tanadi ruwan sha, a bar tatsuniya da kacici-kacici zuwa lokacin da rana ta take, a ƙarƙashin inuwa in akwai. A kafa sanda a fili, a auna inuwarta da safe da hantsi da kusan azahar, a rubuta sakamakon a allo. Yaran aji uku za su iya wasan dara, mai gurabe 30, layi biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kuma haƙa guraben kaɗai darasin sau ne.

Azumi da Sallah ba su da zango tsayayye, domin shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka a duba kalanda tun farkon shekara a san inda za su faɗo. Ƙirga kwanakin azumi, 29 ko 30, aiki ne mai kyau ga aji ɗaya. Zakkar fid da kai, mudun Annabi huɗu ga kowane mutum, tana koyar da sau huɗu: gida mai mutum shida mudu nawa zai fitar? Idan akwai yara Kiristoci a ajin, a ba Kirsimeti da Ista irin wannan gurbi, kowane yaro ya ba da labarin yadda ake biki a gidansu, a rubuta jimla biyu daga bakinsa a allo, ajin ya karanta.

Zango na uku: damina

Ruwa yakan sauka a ƙasar Kano da kewayenta tsakanin Mayu da Yuni, ya fi ƙarfi a Agusta lokacin da yara ke hutu. Kowane rukuni ya huda gindin gwangwani, ya zuba ƙasa, ya shuka ƙwayar wake uku. Cikin 'yan kwanaki za su tsiro. Duk bayan kwana biyu a auna tsawon tsiron, a ƙirga ganye, a rubuta kwanan wata da jimla guda a littafi: "Yau wake ya yi ganye huɗu." Wannan ɗan littafi ya haɗa karatu da rubutu da awo wuri guda, kuma shi ne rubutun farko da yaro zai yi wanda bai kwafa daga allo ba, don haka kada a cika shi da jan biro. A zaɓi kuskure ɗaya a gyara, a bar sauran zuwa wani karo. A bango kuma a zana jadawalin wata, a sa alama duk ranar da aka yi ruwa, ƙarshen wata a ƙirga ranakun ruwa, a ɗebe su daga kwanakin watan.

Idan rufin aji na kwano ne, ƙarar ruwan sama takan hana jin magana. A tanadi aikin shiru domin irin wannan rana, kamar katunan gaɓoɓi da yara za su jera su fitar da kalmomi, ko lambobin da za su jera daga ƙarama zuwa babba.

Mako biyu kafin hutun ƙarshen shekara a sake fito da kwalin gwajin nan, amma da sababbin kalmomi da lambobi, a gwada kowane yaro, a rubuta sabon matakinsa kusa da na watan Satumba. A ba iyaye takarda mai kalmomi goma da lissafi biyar daidai da matakin ɗansu, a roƙi yaya ko yayar yaron su riƙa zama da shi minti goma kullum a lokacin hutu. Takardar matakan kuma a miƙa ta hannu da hannu ga malamin aji na gaba, a ajiye kwafi a ofishin hedimasta, a kuma ja layi ƙarƙashin sunayen yaran da har yanzu ba su wuce matakin harafi ba, domin da su za a fara a makon farko na sabuwar shekara.